Dajin da Ake Shiga Shi Ake Tsarewa

Da na dawo daga dogon hutu na ba abokaina labarin cewa na hau keke cikin daji a Ingila, sai aka bushe da dariya. Wani ya ce, “Ka je har ƙasar Turawa, amma ka rasa abin hawa sai keke?” Mahaifina ma da ya ga tabon gwiwata cewa ya yi wannan shiririta ce. To, ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku, domin a ganina akwai darasi a cikin wannan shiririta.

Kawuna, wanda ke aiki a can, shi ne ya kai ni Dajin Din, a yammacin Ingila kusa da iyakar Wales. Tsohon daji ne na sarakuna, kuma da katakonsa aka ƙera jiragen ruwan yaƙi a zamanin da. A wani wuri da ake kira Kanof akwai shagon hayar keken hawan dutse, mai ƙibar taya da giya da yawa. An bambanta hanyoyin keke da launi: kore mai sauƙi, shuɗi matsakaici, ja mai wuya, baƙi kuwa sai gwanaye. Ni da nake taƙama da cewa tun ina aji uku na firamare nake tuƙa keke, sai na nuna ja. Kawu ya ce, “A'a ɗana, da rarrafe yaro kan tashi.” Muka ɗauki shuɗiya, wadda tsawonta mil 7 ne, wato wajen kilomita 11. Zagaye take yi ta dawo da mutum inda ya tashi, kuma kowa gefe guda yake fuskanta don kada a yi karo.

Ashe keken gari daban, na daji daban. A hawa dole ka sassauta giya tun kafin tudu ya ci ƙarfinka. A gangara kuma sai ka miƙe kan feda, ka ja jikinka baya, ka sa ido can gaba inda za ka, ba kan taya ba. An ɗaga gefen kowace kwana kamar bakin ƙwarya, yadda keke zai kwanta ya juya ba tare da ya zame ba. Ni dai na yi gaggawa, na damƙe birkin gaba a kan wata jiƙaƙƙiyar saiwa, sai ga ni a ƙasa. Hular kwano ta ceci kaina, gwiwa ce ta biya bashi. Da ja na bi, wataƙila da labarin ya sha bamban.

Amma ba faɗuwar ce ta tsaya mini a rai ba. Abin da ya tsaya mini shi ne mutanen da na gani: tsofaffi, da mata, da yara ƙanana, kowa ya san dajin kamar tsakar gidansu. Har akwai 'yan sa kai masu zuwa da shebur suna gyaran hanyar ba da ko kwabo ba. Kawu ya ba ni labarin cewa a 2010 gwamnati ta yi niyyar sayar da dazuzzukan hukuma na Ingila. A watan Janairu na 2011 mutane wajen 3,000 suka taru a cikin wannan daji suka ce ba su yarda ba, kuma fiye da mutum rabin miliyan a faɗin ƙasar suka sa hannu a takardar koke. A watan Fabrairu ministar da abin ya shafa ta tashi a majalisa ta janye shirin, har ta nemi gafara. Me ya sa suka tashi haka? Domin dajin ba baƙo ba ne a wurinsu. Mutum ba ya yi wa abin da bai sani ba faɗa.

Yanzu mu dubi kanmu. Muna da gandun daji a kusa da garuruwanmu da yawa, amma mu nawa ne a ajinmu muka taɓa sa ƙafa a ciki? Abin da muka sani kawai shi ne allon gargaɗi a bakin titi. Mu ba mu shiga, amma mai gatari da mai gawayi suna shiga. Ranar da itatuwan suka ƙare ba wanda zai yi kuka, tun da ba wanda ya shaƙu da su.

Na san iyaye za su ce akwai haɗari, kuma gaskiyarsu. Ba na cewa a tura yara dajin da ba shi da tsaro. Wasu kuma za su ce ina kuɗin irin wannan keke? Amsa ita ce matsakaiciyar hanya ba ta bukatar tsada. Kekunan da muke zuwa makaranta da su, in birki na ci kuma taya na da kyau, za su iya zagaya shukar itatuwa ta bayan gari ranar Asabar, da malami a gaba, da izinin ma'aikatan gandun daji, da hular kwano a kan kowa.

Saboda haka ina kira ga Shugaban Makaranta da Ƙungiyar Iyaye da Malamai da su ba mu dama mu kafa ƙungiyar masu keke. Mu share hanya ta mil biyu ko uku, mu koyi sunan kowace bishiya da muka wuce, mu dasa wata inda aka sare. Tabon gwiwata ya kusa ɓacewa, amma itacen da aka sare sai an shekara ashirin kafin a sake shan inuwarsa.