Wa zai koya wa lauyoyinmu da suka yi karatu a waje rubutun kotun Garwa?

Wani ɗan yayata ya shekara biyar yana karatun lauya a Najeriya, ya ƙara shekara guda a makarantar horon lauyoyi, ya dawo Figil muka yi masa walima. Bayan 'yan watanni wani maƙwabcinmu ɗan kasuwa, da ke bin wani mutum bashin kuɗin siminti, ya roƙe shi ya tsara masa takardar ƙarar da zai kai kotu a Gidar. Yaron ya raba dare biyu yana rubutu, ya cika shafi goma sha biyu. Ya jero shari'o'in da aka yanke a Legas da Landan, yana gwada su da batun simintin ɗaya bayan ɗaya. Da aka kai wa wani tsohon lauya a Garwa ya duba, sai ya ajiye ta ya ce: "Ɗana, kanka yana ja, amma alƙalin nan ba zai wuce shafi na biyu ba. Ina sashen dokar da ka tsaya a kai?"

To, jama'a, wannan tambayar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Kamaru ƙasa ce mai tsarin shari'a biyu. Jihohin Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma sun gaji tsarin Ingila, sauran takwas ɗin, har da tamu, sun gaji na Faransa. Kundin dokar farar hula na 1804 har yau yana aiki a kotunanmu. Wanda ya yi karatu a Kano ko Maiduguri an koya masa ya fara da hukuncin da wata babbar kotu ta taɓa yankewa, ya nuna lamarinsa ya yi kama da wancan. Alƙalin Garwa kuwa daga rubutacciyar doka yake tashi: ga abin da sashe kaza ya ce, ga abin da ya faru, saboda haka ga hukunci. Wanda ya dawo daga Azhar ko Madina shi ma da tasa hanyar: nassi, ƙiyasi, da maganar malaman mazhaba. Dukkansu ilimi ne, amma kowace kotu da irin kunnenta.

Ga kuma dokar kasuwanci. Tun yarjejeniyar 1993 muna cikin OHADA, ƙasashe 17 masu dokar ciniki guda da babbar kotu a Abijan. Najeriya ba ta ciki. Dokar nan tana da gajeriyar hanyar karɓo bashi, inda alƙali zai ba da umarnin a biya, kuma tana da wa'adi na 'yan kwanaki wanda in ya wuce, ya wuce ke nan. Ɗan yayata bai taɓa jin labarinta a aji ba. Laifinsa ne? Sam. Amma da takardar nan ta shiga kotu a yadda take, maƙwabcinmu ne zai kwana a ciki.

Kada wani ya ce wannan ƙaramin abu ne. Mun ga yadda ƙorafin lauyoyin Bamenda na 2016, ciki har da rashin dokokin OHADA da Turanci da turo alƙalan da ba su san tsarinsu ba, ya zama mafarin fitinar da har yau ba ta mutu ba. Bayan nan ne makarantar ENAM ta buɗe sashen tsarin Ingila a 2017. Wato hukuma da kanta ta yarda cewa shiga wani tsari daga wani sai da koyarwa.

Shawarata ita ce Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022 kuma take da tsangayar shari'a, ta haɗa kai da Ƙungiyar Lauyoyin Kamaru su buɗe kwas na wata shida zuwa shekara domin waɗanda suka yi karatu a waje. A koya musu Faransancin kotu, wanda ya sha bamban da na kasuwa. A ba su tsofaffin fayiloli da aka goge sunaye, su rubuta takardar ƙara da ta martani, malami ya bi da jan biro, su sake rubutawa. A zaunar da su a kotun ɗaukaka ƙara ta Garwa su ji yadda ake gina hujja. Rubutun shari'a kamar ɗinki ne, sai hannu ya saba.

Na san za a ce ai akwai shekara biyu na koyon aiki a ofishin wani lauya. Gaskiya ne, amma wannan sa'a ce. Wani ya dace da maigida mai koyarwa, wani kuwa ɗaukar jaka zai yi har ya gama. Wasu kuma cewa suke su koma inda suka yi karatun mana. Haba! Mu da muke neman wanda zai saurari bazawara da Hausa ko Fulatanci kafin ya rubuta kukanta da Faransanci? Kuma yaran nan ba hannu rabbana suka dawo ba. Dokar bin shari'ar laifi ta 2005, da ta fara aiki a 2007, ta ɗauko yi wa shaida tambayoyin ƙwaƙwaf daga tsarin Ingila, fannin da ɗan karatun Najeriya ya sha tun a makaranta. Ɗan Azhar kuma, wa ya fi shi amfani in ana rabon gado a kotun al'ada?

Iyaye, mu ma da namu. Kafin mu sayar da shanu mu tura yaro karatun lauya, mu tambaye shi a wace kotu yake son tsayawa.

Takardar simintin nan dai, tsohon lauyan ya zaunar da yaron yini guda suka sake ta. Ta koma shafi ɗaya da rabi, da rasit uku a bayanta. Ɗan yayata ya samu wanda ya zaunar da shi. Sauran fa?