Kimiyya a Aljihu: Wa Zai Kai Saƙo Idan Babu Data?

Ƙannenmu, wata 'yar aji shida daga Ɗorayi ta tambaye mu yadda za ta samu tsofaffin tambayoyin JAMB alhali ba ta da kuɗin data. Amsar tana cikin ajinsu. Mutum ɗaya ya sauke, ya tura wa na kusa da shi ta Xender, kafin a fita tara kowa ya samu. Wayoyin ne ke magana da juna kai tsaye, ba sai an bi ta ƙarfen sabis ba. Haka Bluetooth yake, wanda kamfanin Ericsson na Suwidin ya fara ƙirƙira a 1994.

Matsalar ita ce nisa, don Bluetooth na yawancin wayoyi bai cika wuce mita 10 ba. To yaya saƙo zai tashi daga Ɗorayi ya isa Bompai? Sai dai a ɗauke shi a aljihu. Yayanka ya hau adaidaita zuwa aiki a Sharaɗa, wayarsa ta miƙa wa ta direban da zai kai kaya Challawa, shi kuma gobe yana Bompai. Amma in kowace waya za ta miƙa wa duk wanda ta gamu da shi, caji ya ƙare, memori ya cika.

A nan zumunci ya shigo. A 2008 masu bincike a Jami'ar Cambridge ta Ingila sun fito da dabarar da suka kira Bubble Rap: a ba da saƙo ga wanda ya fi cuɗanya da jama'a, har ya faɗa hannun wani daga cikin mutanen mai saƙon, su ƙarasa da shi. A unguwarmu kuwa mun san ko su waye: mai cajin waya da mai shayin ƙofar kamfani.

Kada ku ɗauka wasa ne. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, mutane suka riƙa tafiya mai nisa don su ji muryar 'yan'uwa. Abin da ke damun mu dai shi ne, hanyar da tambayoyin JAMB ke bi, ita jita-jita da bidiyon banza ke bi.

Aikin gida: ku lissafa mutanen da kuke haɗuwa da su kullum har mako guda, ku rubuto mana wanda kuke ganin ya fi dacewa a ba shi saƙon ajinku.