Wa ake ɗauka, wa ake bari a ƙofar makarantar mishan?

Na yi niyyar taɓa wani batu dabam a wannan mako, sai wayar da yayana ya bugo mini ranar Talata da daddare ta sauya mini akala. Ɗansa mai shekara 11 ya zauna jarrabawar shiga wata makarantar sakandare ta mishan a garinmu, an kira shi ganawa ya je, amma da aka liƙa sunaye a allo babu nasa.

"Dakta," in ji shi, "ɗan nan naka ya yi ƙoƙari, malamansa ma sun shaida. Ni dai na san sunansa ne ya kayar da shi. Ko ka san wani a can?"

Na tambaye shi maki nawa yaron ya ci, ya ce ba a faɗa ba. Na ce to maki nawa yaro na ƙarshe da aka ɗauka ya samu, ya ce wannan ma ba a faɗa ba. Na sake tambaya ko an ba su wata takarda da ta bayyana yadda ake zaɓen ɗalibai, ya ce abin da ke cikin takardar da suka saya shi ne ranar jarrabawa, kuɗin makaranta da jerin kayan kwana. Nan take na tuna da wata wasiƙa da ta zo mini shekaru da suka wuce, lokacin da nake karatun digiri na uku a Ingila.

A lokacin 'yata ta fari ta kai shekarar shiga sakandare. Makarantar da kowa ke yabo a unguwarmu ta cocin Angalikan ce, ba a biyan ko kwabo, masu nema kuma sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Kafin in cika fom sai da aka nuna mini ƙa'idojinsu a rubuce. Sun faɗi adadin yaran da za su ɗauka, sannan sun jera masu nema rukuni-rukuni. A sahun gaba akwai yaran da ke ƙarƙashin kulawar hukuma saboda maraici ko rashin mai riƙo. Bayansu sai 'ya'yan masu zuwa cocin Angalikan a kai a kai, sai na sauran ɗariƙun Kirista. An kuma ware 'yan gurabe ga mabiya wasu addinai, bisa sharaɗin shugaban wurin ibadarsu ya sa hannu cewa suna halarta tsawon shekara biyu. Idan yara biyu suka yi kunnen doki a rukuni ɗaya, sai a auna nisan gidan kowanne daga makaranta, wanda ya fi kusa ya shiga.

Na ɗauki fom ɗin na kai wa limamin masallacinmu. Shekararmu ɗaya da 'yan watanni a garin. Na yi ta kewaye-kewaye, ina nuna masa cewa ai a gida ma ba mu rabu da masallaci ba, ko zai cike mana shekara biyun. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, abin da na gani da idona shi zan rubuta." Ya rubuta shekara ɗaya. Ranar 1 ga Maris, wadda ita ce ranar da ake sanar da iyaye a duk faɗin Ingila, wasiƙa ta zo cewa ba a ɗauki yarinyar ba. An faɗi rukunin da aka saka ta, da inda gurabe suka ƙare, da matsayinta a jerin masu jira, da yadda zan ɗaukaka ƙara. Na ɗaukaka, na zauna gaban wasu mutum uku da ba ma'aikatan makarantar ba ne, suka ji ta bakina suka ji ta bakin makaranta, suka ce ƙa'ida aka bi. Na fito raina a ɓace, amma ban fito da zargin kowa ba, domin na san ainihin abin da ya hana.

Wannan tsari yana da tushe. Coci ta riga gwamnati buɗe makarantu ga talakawan Ingila, saboda haka da aka zo yin dokar ilimi ta 1944 sai aka yi sulhu: gwamnati ta ɗauki nauyin albashi da gudanarwa, coci ta riƙe filinta da rinjaye a hukumar makaranta, tana kuma biyan wani kaso na kuɗin gine-gine, wanda a yau ya tsaya a kashi 10 cikin 100. Kusan kashi ɗaya cikin uku na makarantun gwamnati a Ingila suna da alaƙa da addini, mafi yawansu na Angalikan da Katolika, tare da wasu ƙalilan na Yahudawa, Musulmi, Sik da Hindu. Doka ta ba su damar fifita mabiya addininsu, amma sai idan masu nema sun fi gurabe yawa. Idan akwai gurbi a buɗe, dole su ɗauki duk wanda ya nema, ko da ba ya bin kowane addini. An haramta musu yi wa yaro ko iyayensa ganawar tantancewa. Ba su da ikon tambayar sana'ar uba ko ƙarfin aljihunsa, ba kuma za su fifita wani saboda gudummawar kuɗi da ya ba makaranta ba. Sababbin makarantun addini da aka buɗe a ƙarƙashin tsarin da ya fara a 2010 ba su da damar cike fiye da rabin gurabensu bisa addini. Akwai kuma ofishi na musamman da kowa zai iya kai masa ƙorafi idan ya ga ƙa'idojin wata makaranta sun saɓa doka.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa tsarin nasu ba shi da yoyo. Da zarar an ce zuwa coci ne mabuɗin makaranta mai kyau, sai a samu iyayen da ke cika kujerun coci shekara biyu kafin cika fom, su ɓace da zarar yaro ya shiga. Turawan da kansu suna yi wa wannan ɗabi'a ba'a. Ni ma da na nemi liman ya ƙara mini shekara, ai cikin wannan sahu na so shiga. Wanda ya san dawan garin, yana da lokaci da ilimin karanta ƙa'ida, shi ke cin moriya, ita kuwa ma'aikaciyar jinya da ke aikin dare ranar Asabar, ko direban bas da ke bakin aiki ranar Lahadi, sai a bar su a baya ko da sun fi kowa imani. Makarantar London Oratory ta Katolika, inda tsohon Firayim Minista Tony Blair ya kai 'ya'yansa, ta taɓa ba da ƙarin maki ga iyalan da ke yi wa coci hidima, kamar waƙa a ƙungiyar mawaƙa ko shirya furanni. An kai ƙorafi, ofishin da na ambata ya yanke hukunci a kanta a 2014, ita kuma ta garzaya babbar kotu. A 2015 kotun ta soke wasu daga cikin hukunce-hukuncen, amma sharaɗin hidimar bai dawo ba. Kafin nan, a Disamban 2009, Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci da rinjayen alƙalai 5 a kan 4 cewa makarantar Yahudawa ta JFS da ke Landan ba ta da ikon fifita yaro saboda tsatson mahaifiyarsa, domin hakan wariyar ƙabila ce. Tun daga nan abin da makarantar addini za ta duba shi ne aikin ibada, ban da jini. Abin lura a nan shi ne duk waɗannan shari'o'i sun yiwu ne saboda ƙa'idar tana rubuce, akwai abin da za a riƙe a kai ƙara.

Mu dawo gida. Makarantun mishan ba baƙi ba ne a Arewa. Kwalejin St. John's ta Kaduna ita ce Kwalejin Rimi ta yau, Queen of Apostles ta Kakuri ita ce Kwalejin Sarauniya Amina, St. Paul's ta Wusasa kuwa ita ce Kwalejin Kufena. Gwamnati ta karɓe su a farkon shekarun 1970 ta sauya musu suna. Masu hidimar St. Louis sun iso Kano a 1948, kuma 'ya'yan Musulmi da yawa sun yi karatu a hannunsu. Waɗanda coci-coci ke gudanarwa a yau mafi yawansu masu zaman kansu ne, da kuɗin iyaye da na coci suke tafiya, wannan kuma babban bambanci ne tsakaninsu da na Ingila. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowace al'ummar addini damar koyar da addininta ga 'ya'yanta a makarantar da ita kaɗai ke ɗaukar nauyinta, ya kuma hana tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba ko shiga ibadarsa. Inda kuɗin gwamnati ya gauraya da sunan coci kuwa, mun ga abin da ya faru a Ilorin a 2021, lokacin da aka rufe makarantu 10 saboda taƙaddamar hijabi.

Saboda haka ni ban ga laifi ba idan cocin da ya tara kuɗin baikon mabiyansa ya gina makaranta ya ce 'ya'yan mabiyan ne a gaba. Da mu ne muka gina tamu da zakka da sadakarmu, haka za mu ce. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne a yi fifikon a ɓoye. Gwargwadon abin da na gani, zaɓen a nan yakan bi matakai huɗu: jarrabawar Turanci da lissafi, ganawa da yaro da iyayensa, wani kaso da ake ajiye wa 'ya'yan coci da na ma'aikata, sai kuma takardun alfarma da ke shigowa ta bayan gida. Matakin farko kaɗai ake faɗa wa iyaye, shi ma ba a nuna sakamakonsa. Ganawa kuwa, duk kyawun niyyar masu yin ta, takan koma awon Turancin uwa da takalmin uba, dalilin da ya sa Ingila ta hana ta ke nan. A ƙasa irin tamu, inda ƙaramar magana kan zama gobara, duk gurbin da aka bari babu bayani zargi ne ke cike shi. Yayana ya ce suna ne. Wataƙila wani Kirista da aka bar ɗansa a wannan allo yana can yana cewa an sayar da gurbinsa ga wani Alhaji mai kuɗi. Mai yiwuwa dukansu sun yi kuskure, amma babu takardar da za ta ƙaryata su.

Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani. Manyan makarantunmu na Islamiyya masu sakandare, waɗanda ake rububin shiga, nawa ne cikinsu suka rubuta yadda suke zaɓe? Ina matsayin maraya a jerinsu, alhali mu ne aka fi yi wa wasiyya da shi? Shin ɗan wata ƙungiyar addini yana shiga makarantar wata ƙungiyar ba tare da an kalle shi a karkace ba? Mu ma a jami'a ba mu tsira ba. A rubuce, jami'o'in tarayya suna ɗaukar kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 daga jihohin da ke kewaye da su, kashi 20 daga jihohin da aka bari a baya a ilimi. Amma duk malamin da ya ga yadda wayarsa ke ruri a lokacin ɗaukar ɗalibai ya san akwai wani kaso na huɗu da ba a rubuta ba, kuma ni kaina ba zan ce ban taɓa kai sunan wani ba.

Abin da nake roƙo ga ma'aikatun ilimi na jihohinmu, waɗanda su ne ke ba waɗannan makarantu lasisi, bai fi ƙarfinsu ba, kuma ya shafi ta coci da ta masallaci daidai wa daida. Kowace makaranta ta bayyana adadin guraben da take da su kafin ta fara sayar da fom, domin sayar da fom dubu a kan gurbi ɗari ba tare da an faɗa ba ciniki ne da ruɗi a cikinsa. Ta rubuta rukunonin da take fifitawa da kason kowanne, in rabi ne na mabiyanta ta ce rabi ne, wanda ya ga zai iya ya nema. Ta ba kowane yaro makinsa tare da makin da aka tsaya a kai. In za ta yi ganawa, ta faɗi abin da ake dubawa da makin da ke kansa. Sannan a samu wani ƙaramin kwamiti na waje, ko da mutum uku ne, da uba zai iya kai wa kukansa. Makarantar da ke da gaskiya ba abin da za ta rasa, sai ma ta samu garkuwa ranar da wani babba ya aiko da kati, ta ce masa, ranka ya daɗe, ƙa'ida ta ɗaure mana hannu.

Na shaida wa yayana cewa ba zan kira kowa ba. Maimakon haka mun zauna mun rubuta wa shugaban makarantar wasiƙa cikin ladabi, muna neman makin yaron da makin da aka tsaya a kai. Na kuma roƙe shi ya daina faɗa a gaban yaron cewa sunansa ne ya kayar da shi. In lissafi ne ya gaza, a nema masa malami. In kuwa kaso ne ya cika, a faɗa masa haka, ya nemi wata makarantar da zuciya ɗaya. Yaro ɗan shekara 11 da aka cusa wa cewa maƙwabtansa sun ƙi shi saboda addininsa zai daɗe yana ɗauke da wannan magana, kuma ba mu da hujjar ɗora masa ita. Duk amsar da makarantar ta bayar, ko shirun da ta yi, zan sanar da ku a wannan fili.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.