Ruwan kwakwa na kwali: magani ne ko abin sha kawai?

Duk wanda ya shiga manyan shagunan Barnawa ko Sabon Tasha a wannan bazarar ya ga kwalaye da gwangwanayen ruwan kwakwa jere a firiji. A taron ƙungiyar gama kai da muka yi kwanan baya, wata baiwar Allah ta ce min shi ta saya wa ɗanta da gudawa ta kama shi, domin an ce mata ya fi ruwan gishiri da sukari. Wani kuma ya tambaya ko ƙungiya ta zuba kuɗinta a dashen kwakwa. To, bari mu duba lamarin.

Ruwan kwakwa kusan kashi 95 cikin 100 ruwa ne zalla. A giram 100 na ɗanyensa akwai kalori kusan 19 da sinadarin fotasiyam kusan miligiram 250, wanda ke taimakon aikin zuciya da tsoka. Furotin da kitse ba su taka kara sun karya ba. Ya fi lemon kwalba nesa ba kusa ba, amma fa ayaba da dankalin Hausa duk sun fi shi fotasiyam, kowanne ya haura miligiram 300 a giram 100. Wake da dabino ma haka.

Na kwali kuma sai an dafa shi da zafi don kada ya lalace. Wasu kamfanonin sukan ƙara sukari, wasu su tsame shi ya yi kauri sannan su sake sirka shi da ruwa. Ko a Amurka, a 2012 kamfanin Vita Coco ya amince da sasanci na dala miliyan 10 bayan an kai shi ƙara kan zuzuta sinadaran da ke cikin abin shansa. Don haka a karanta jikin kwali, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a ga ko an ƙara sukari. In an buɗe, sai firiji, kuma a shanye cikin kwana ɗaya ko biyu. Da irin wutar da muke samu, wannan ma abin dubawa ne.

Babban haɗarin yana wajen gudawa. Abin da jikin yaro ke zubarwa ruwa ne da gishiri, shi kuwa ruwan kwakwa gishirinsa bai kai yadda ake buƙata ba. Ƙullin ORS ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, tare da ƙwayar zinc, shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na kwali ɗaya ba. In yaro ya galabaita, a garzaya asibiti. Mai ciwon ƙoda kada ya sha sai likita ya yarda, domin fotasiyam na taruwa a jininsa har ya taɓa zuciya. Mai ciwon suga ma ya yi hattara.

Batun dashe kuwa, kwakwa itaciyar bakin teku ce, mai son laima duk shekara. Shi ya sa Badagry a jihar Legas ta zama cibiyarta a Najeriya. Mu nan rani da hunturu kan ɗauki wata biyar, ga shi doguwar kwakwa kan kai shekara 6 ko fiye kafin ta fara haihuwa. Kada a binne kuɗin ƙungiya a nan.

Darasin da ke cikin wannan kasuwa shi ne, mutanen gari suna neman abin sha na gargajiya mai tsabta, kuma a shirye suke su biya. Muna da zoɓo, tsamiya, aya, ga cittar Kachia. Ƙungiyar da ta iya sarrafa su da tsabta, ta rage sukari, ta yi rajista da NAFDAC, za ta samu masu saye tun daga Kakuri har Gonin Gora. Allah Ya ba mu damina mai albarka.