Darasi Daga Tsibirin Moris

A Tekun Indiya, gabas da Madagaska, akwai tsibirin Moris. A dā akwai wani tsuntsu can wanda Turawa suka kira dodo. Ba dodon tatsuniya ba ne, tsuntsu ne mai ƙiba, ba ya tashi, a ƙasa yake ƙwai. Mutanen Holan suka zauna tsibirin a 1638. Aladu da ɓeraye da birai da jirage suka kawo suka dinga cinye ƙwansa. Kafin 1700 ya ƙare ƙaf.

Wani ɗan shaho na tsibirin ya kusa bin sahunsa. Saran daji da feshin DDT suka rage shi, har a 1974 guda 4 kaɗai aka sani. Masana suka ƙyanƙyashe ƙwansa, suka kafa masa akwatunan sheƙa. Yau ana ƙirga ɗaruruwa.

To, malamai, ku nuna wa 'yan makaranta bambancin nan. An ceci shaho don an farga da sauran lokaci, dodo kuwa sai ƙasusuwa a gidan tarihi. Lalle halittar da ba ta da mazauni sai tsibiri guda amana ce a wuyan mutanensa. Rigakafi ya fi magani.