Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

'Yan uwa malamai, kowace shekara muna ganin ɗalibanmu na Tsamaye, Sabon Birni da Isa suna cike fom ɗin JAMB da burin karatun likitanci a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su tarar ƙofa a rufe. Tun suna aji ɗaya na babbar sakandare aka rufe ta. Likitanci na neman Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji a JAMB, da kiredit biyar har da Lissafi a WAEC ko NECO.

Ana cewa yaro ne ya zaɓi fanninsa. Wane zaɓi ke ga yaron da ta'addancin 'yan bindiga ya kori malaminsa na Fiziks, ɗakin gwaje-gwaje kuma ya zama kango? Tura shi ɓangaren adabi aka yi, aka kira abin zaɓi.

Muna kira ga hukumomin ilimi su turo malaman kimiyya da alawus na zaman karkara. Mu kuma, tun daga aji uku na ƙaramar sakandare, mu zaunar da yara da iyayensu mu fayyace musu darussan da kowane kwas ke bukata. Ƙasar Gobir na jiran likitoci daga cikin 'ya'yanta.