Don Allah ka daina sa 777 a shafinka

Ni gyaran waya nake yi, amma tunda na buɗe wa shagona shafi da WordPress abokai suke kawo min nasu. Kusan kullum labarin ɗaya ne: hoto ya ƙi hawa, wani a YouTube ya ce a shiga File Manager na cPanel a mayar da izinin folda 777, aka mayar.

Ka san abin da ka yi kuwa? Lambobin uku ne: ta farko taka, ta tsakiya ta rukuninka, ta ƙarshe ta sauran duk wanda ke kan sabar. Karantawa 4, rubutawa 2, gudanarwa 1, jimla 7. Wato ka ba kowa damar canja maka fayil. Kamar ka ajiye min wayarka ba makulli, manhajar banki a buɗe. Gara ma ni, ka san shagona.

Folda 755, fayil 644, shi ke nan. Shi kuwa wp-config.php, inda kalmar sirrin rumbun bayananka take, matse shi zuwa 600. In shafin ya ƙi buɗewa, gwada 640.

Abin haushin ma, a wasu sabobin 777 ɗin ne da kansa ke jawo Error 500.

In hoto ya ƙi hawa a 755, duba ko wurin ajiyarka ya cika. In bai cika ba, rubuta wa masu hostin ɗinka, ai kuɗi ka biya su. Kuma da waya kake aiki, yatsa na zamewa, kafin ka taɓa public_html ka sauke kwafinsa tukuna.